Shuɗin Tawul a Kan Baƙar Mota

Lahadi, da hantsi

Baba, ka yi mini afuwa. Na san ka sha faɗa cewa maganar cikin gida ba ta tsallake bakin ƙofa, kuma ni ban kai in zauna ina rubuta sha'anin manya ba. Amma a ganina takarda ba waje ba ce. Malamar ajinmu ta ce wanda bakinsa ke da nauyi ya gwada biro, kuma kowa ya san nauyin bakina. Ko sunana aka kira a aji sai na ji gabana ya faɗi. Ba sabon littafi na ɓata ba, shafukan da suka rage ne a bayan littafin kimiyya na bara.

Bari in fara da aikin, shi na fi iya bayani.

Baba yana aiki a wurin wankin motoci da ke bayan gidan mai. Shi ba ya wanki. Rumfarsa ce ta ƙarshe, inda ake kai mota bayan an wanke ta ta bushe, ya shafa mata man kariyar fenti ya goge. In ya gama da mota, ko ruwan sama aka yi sai ka ga ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa, ya rasa wurin zama. Shi ya sa ake ce masa Mai Sheƙi. Tun kafin a haife ni yake wurin. Yaya Dogo, mai wankin tayoyi da ƙasan mota, a hannunsa ya tashi. Yanzu shi ma magidanci ne, matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba.

Tun makon jiya Umma take aike na in kai wa Baba abinci in na taso daga makaranta. Da can shi yake tafiya da abinsa. Ta ce, "In kin kai, ki ɗan zauna. Ba sai kin yi saurin dawowa ba." Na ce to. Ban tambayi dalili ba, ita ma ba ta kalle ni ba da take faɗa.

Talata, bayan la'asar

Yau Baba ya koya mini aikin.

Ya ce da farko ki taɓa jikin motar da bayan hannu. In da zafi ki bar ta ta huce, don man yana ƙonewa a kan ƙarfe mai zafi, ya kama kamar ƙanzo. Sai ki ɗiga kaɗan a soso. "Kaɗan fa, Auta, ba miya kike zubawa ba." Ki ja soson a miƙe, layi kan layi, ki gama ƙofa ɗaya kafin ki taɓa ta gaba. Sai ki jira. Man zai dushe ya yi fari-fari, kamar an hura wa madubi numfashi. Baba hazo yake ce masa. Sai ki ja yatsa a kai. In yatsan ya bar layi tas, lokaci ya yi. In ya damalmale, da saura. Daga nan sai tawul. A ninka shi, a goge a hankali, a riƙa juyo fuska mai tsabta.

Na yi kuskure na ce tsumma. Ya ce, "Tsumma yana gidanku. Wannan tawul ne." Yaya Dogo ya yi ta dariya, ya ce, "'Yar boko, kin zagi yayyenki. Tawul ɗin nan sun riga ki shiga zuciyar Baba."

Kala biyu ne, kuma a igiya ɗaya ake shanya su. Rawaya na jikin fenti ne. Shuɗi na tayoyi ne, na Yaya Dogo, kuma komai wankin da aka yi masa ba ya rabuwa da ɗan yashi. Laushinsu ɗaya, girmansu ɗaya. Baba ne ya kafa dokar tun da can: shuɗi ba ya taɓa fenti.

Da muka zo gogewa sai ya miƙo mini tocila, ya ce in haska a kaikaice in faɗa masa inda hazo ya rage. "Hasken rumfar nan ba shi da kirki," in ji shi.

Rana tana nan tarwai a waje. Ni har maɓallin rigarsa ina gani a jikin ƙofar motar. Na ce, "Ga saura nan a ƙasan madubi, Baba." Ya ce, "Na gani, gwada ki nake yi."

Alhamis, da yamma

Ƙaramar farar mota ce yau. Bai kamata man ya taɓa baƙar robar gefen gilashi ba, don in ya bushe a kanta sai ta yi fari kamar an goga alli. Baba ne ya faɗa mini haka da bakinsa shekaranjiya. Yau ya bi robar ƙofa biyu da soso, daga sama har ƙasa.

Da ya tafi wanke hannu, Yaya Dogo ya zo da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu, ya durƙusa ya dirje robar da sauri. Ya ɗago ya gan ni, sai ya ɗora yatsa a leɓe. Yadda ya san inda zai duba, ba yau ya fara ba.

Na ɗauke kai.

Juma'a, da safe kafin makaranta

Baba ya zuba shayi a gefen kofi. Ya ce teburin ne ya karkace.

Asabar, da azahar

Sun je asibiti shi da Umma. Da suka dawo suka shiga ɗaki suka tura ƙofa. Ni ina wanke-wanke, ban kasa kunne ba, amma bangon ba shi da kauri. Na ji Umma ta ce, "Malam, tun yaushe nake faɗa maka?" Na ji ya ce, "Yi a hankali, Auta tana waje." Sai na ƙara buɗe famfo.

An ba shi wata 'yar kwalba. Umma ke ɗiga masa safe da yamma. Yakan ɗaga kai yana fuskantar rufi, ruwan na gangarowa ta gefen fuskarsa. Maganin ne ke gangarowa. Sun ce ya koma ƙarshen wata a sake dubawa, sannan za a san ko akwai abin da za a iya yi.

Akwai sunan da likita ya kira abin. Na ji shi. Ba zan rubuta ba.

Talata, bayan la'asar

Na yi wata dabara, kuma ta yi.

Na zo da salatif na takarda, irin wanda muke liƙa zane da shi a makaranta. Kafin Baba ya ɗauki soso na bi duk robar gilashin na rufe. Da yatsansa ya ji gefen takardar sai ya tsaya. Ya shafa, ya sake shafawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, "Don ni na sa, Baba. Hannuna bai zauna ba tukuna, kada in ɓata wa mutane roba."

Ya ce, "Kin yi tunani. Ɗan koyo ya kamata ya san iyakarsa." Ya ɗora ƙaramin yatsa a gefen salatif ɗin, soson na biye da shi, ko ɗigo bai haura ba.

Yanzu ni ke jan yatsa in ce hazo ya nuna. Shi ke gogewa, don hannunsa yana jin inda tawul ya ja da inda ya sulɓe, abin da ni ban iya ji ba. Manajan wurin ya leƙo ya ce, "Dattijo, an samu mataimakiya ke nan?" Baba ya ce, "Boko kaɗai ba ya riƙe mutum, gara ta san sana'ar ubanta." Manaja ya ce madalla.

Da za mu tafi, ƙafarsa ta sarƙe da tiyon ruwa, saura kaɗan ya kifa. Mai faci, maƙwabcinsu wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ɗaga murya yana dariya, "Mai Sheƙi, a hankali! Ka san bakin rijiya ba wurin wasan..." Yaya Dogo ya watsa masa wani kallo. Bai ƙarasa ba. Ya koma kan tayarsa yana bugu kamar ita ta yi masa laifi.



Laraba, da yamma

Lafiya lau yau. Ba abin da ya faru. Lafiya lau.

Alhamis, da yamma

Gobe muna da gwajin lissafi bayan an tashi. Na gaya wa Baba zan makara, ya jira ni. Ya ce, "Da can da ba kya zuwa, wa ke yi mini?"

Juma'a, gab da magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Gwajin ya ja lokaci. Da na iso, wata babbar baƙar jif ce a rumfa, sabuwa fil, ta wani mutum da ya daɗe yana kawo motocinsa wurin. Manaja bai wuni a nan ba. Yaya Dogo ya gama wanke tayoyi ya tafi sayo sabulu. Baba shi kaɗai, ya sunkuya a kan murfin inji yana gogewa, yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Ya ji takuna ya ce, "Auta, zo ki ga aiki. Yau ban jira ki ba."

Tawul ɗin da ke hannunsa shuɗi ne.

Na ce, "Baba." Iyakar abin da ya fito ke nan. Amma ya ji yadda na faɗa. Hannunsa ya tsaya cak. Ya murza tawul ɗin tsakanin yatsu a hankali, ya kai shi kusa da fuskarsa har ya taɓa hancinsa. Ya ce, "Haska."

Na haska a kaikaice. Rabin murfin duk ƙarce ne, siraran layuka kamar saƙar gizo-gizo. Baƙin fenti ba ya rufa wa kowa asiri.

Ya ce, "Da yawa?"

Na ce, "Eh."

Ya saki tawul ɗin a kan murfin, ya je ya zauna a benci. Ya kamata in ɗauke shi. Tun ɗazu nake tambayar kaina me ya sa ban ɗauke ba.  Muna haka Yaya Dogo ya dawo da jarkar sabulu, sai ga mai motar ya shigo tare da Manaja suna hira.

Asabar, da hantsi

Jiya ban iya ƙarasawa ba.

Mai motar bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya kalli murfin, ya kalli Manaja, ya ce, "Irin aikin da kuke yi yanzu ke nan?" Ya ce a gyara masa ita yadda ya kawo ta. Ya fita ya tari tasi.

Manaja ya ɗaga tawul ɗin da yatsa biyu. "Na wane ne wannan?"

Yaya Dogo ya ce, "Nawa ne."

"Me ya kawo shi kan fenti?"

Manaja bai jira amsa ba.

"Dattijo dai ko a mafarki ba zai yi wannan ba, shi ya kafa dokar. Dogo, taya shi ka zo yi, ka goge da abin da ke hannunka?"

Yaya Dogo ya kalli Baba. Baba yana fuskantar ƙasa. Yaya Dogo ya ajiye jarkar ya ce, "A yi haƙuri, Yallaɓai. Sauri ne."

Sai Manaja ya juyo kaina. "Ke 'yar makaranta, na san ba kya ƙarya. Kina nan aka yi?"

Na buɗe baki. Harshena ya yi nauyi kamar dutse. Na ce, "Yanzu na zo."

Gaskiya ce, a lokacin na zo. Amma na san abin da na yi da gaskiyar.

An ce Yaya Dogo ya je gida, za a neme shi. Kowa ya san ma'anar za a neme ka. Ya wanke hannu, ya sa takalminsa, ya zo gaban bencin ya rusuna ya ce, "Baba, na tafi." Baba ya ɗaga masa hannu kawai.

Lahadi, da azahar

Baba bai ci abinci ba. Ya ce bakinsa ba daɗi.

Litinin, da yamma

Malama ta maido mana da takardun gwajin. Na ci, har ta sa aka tafa mini. Na ninke takardar na tura can ƙasan jaka, ban nuna wa kowa ba. Saboda ita na makara.

Talata, bayan la'asar

Jiya na kwaso tawul rawaya duka, na ce zan wanke su a gida. Na ɗinka wa kowanne ɗan ƙulli na zare mai laushi a kusurwa ɗaya, wanda ba zai ji wa fenti ba. Yau Baba ya ciro ɗaya daga igiya, babban yatsansa ya faɗa kan ƙullin. Ya ciro wani ya lalubi kusurwa. Ya ciro wani. Ya ce, "Hm." Shi ke nan.

Me ya sa ban yi tunanin wannan ba tun makon jiya? Na yi tunanin roba, ban yi tunanin tawul ba.

Baƙar jif tana nan a lulluɓe a gefen rumfa. Gyaran ƙarcen sai da injin goge fenti, kuma Baba ya ce wa Manaja wuyan hannunsa na ciwo, a ɗan jira. Ba wuyan hannu ba ne. Injin nan in ba ka san inda ka sa shi ba, sai ya cinye fentin har ƙarfe.

Ba wanda ya taɓa tawul ɗin Yaya Dogo. Suna nan a ƙarshen igiya, sun bushe ƙamas.

Laraba, da yamma

Na haɗu da Yaya Dogo a bakin kantin magani, da jaririyarsa a kafaɗa. Mura take yi, numfashinta na ƙara.

Ya ce, "'Yar boko! Ya hazo?"

Na gaishe shi, na kasa ɗaga kai. Na ce, "Yaya Dogo, ka yafe mini."

"Me kika yi mini? Ke kika shanya shuɗi da rawaya a igiya ɗaya? Ni na san halin da ake ciki, ban raba igiya ba."

Na ce, "Ka samu wani wurin?"

"Ana ta zagaye. Duk inda na je sai a ce wa ya sallame ka, me ka ɓata." Ya gyara wa jaririyar hula. "Ki ji nan. Ni komai nawa lafiya lau, in na faɗi zan tashi. Baba in ya bar rumfar nan, ina za shi? Ranar da na zo wurin nan ko tiyo ban iya riƙewa ba, shi ya mai da ni mutum. Kada ki ce masa kin gan ni."

Na ce to.

To ɗin nan ya ishe ni. Kullum to, kullum to.

Alhamis, da yamma

Manaja ya ce ranar Litinin sabon mai wankin taya zai fara. Baba ya ce Allah ya sa albarka. Soson da ke hannunsa ya yi ta kai da komo a wuri ɗaya har man ya yi kauri, da ƙyar muka goge.

Juma'a, gab da magariba

Na faɗa.

Muna dawowa gida muka zo inda ake tsallaka babban titi. Kullum a nan yakan jira in fara ɗaga ƙafa, sannan ya bi kamar da ma shi ma ya duba. Yau ban ɗaga ba.

Ya ce, "Motoci ne?"

Na ce, "Babu mota, Baba."

"To me muke jira?"

Na ce, "Na ga Yaya Dogo. Jaririyarsa ba ta da lafiya, kuma ba wanda ya ɗauke shi aiki."  Na ce, "Ranar Litinin shi ke nan, an ba wani wurinsa. Kuma ba shi ya yi ba."

Ya ce, "Ke za ki koya mini?"

"A'a, Baba."

"In na buɗe baki, wa zai riƙe gidan? Makarantar taki fa? Kin san abin da kike cewa kuwa?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya ban sani ba. Na ce, "Ni dai na kasa kallon igiyar nan."

Ya tsallaka shi kaɗai, bai jira ni ba. Wani mai keke ya kauce masa da ƙyar yana masifa. Na bi shi a guje.

A gida ya wuce ɗaki kai tsaye. Umma ta ja ni kicin ta ce me na ce masa. Na gaya mata duka, har da tawul ɗin, ashe ba ta sani ba. Ta daɗe tana kallon tukunya. Ta ce, "Bakin naki da ba ya buɗuwa, da ya tashi buɗuwa a kan ubanki ya buɗe." Na yi kuka. Amma da ta zuba mini abinci na ga ta ƙara mini nama.

Asabar, da sassafe

Bai ce in zo ba, bai ce kada in zo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa har na gama sa takalmi.

Asabar, bayan la'asar

Muna isa ya ce wa Mai faci ya kira masa Dogo a waya, ya ce maza ya zo. Ya zauna a benci bai taɓa soso ba. Da Yaya Dogo ya iso, Baba ya aike ni in kira Manaja daga ofis.

Ya ce, "Auta, ciro tawul ɗaya rawaya, ɗaya shuɗi. Ki tsaya gabana ki riƙe su. Kada ki ba ni."

Na tsaya, ɗaya a dama ɗaya a hagu.  Masu wanki suka kashe tiyo suka matso.

Baba ya ce, "Yallaɓai, wanne ne rawaya?"

Manaja ya yi dariya. "Dattijo, wasa da safe haka?"

"Na tambaye ka ne don ni ban sani ba. Ina ganin abu biyu a hannun yarinyar nan, amma ban san wanne ne wanne ba. Kai ma muryarka nake bi. Ni na goge baƙar motar nan. Dogo yana kantin sabulu aka yi."

 Manaja ya cire tabarau, ya mayar. Ya ce, "Haba, Dattijo. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Da na faɗa, za ka bar ni in taɓa motar mutane?"

Manaja ya kalli jif ɗin da ke lulluɓe. Sannan ya ce, "A'a."

"To ka ji dalili."

Yaya Dogo ya durƙusa a gaban bencin. "Baba, ai da ka bari. Ni na yarda."

"Rufe mini baki. Kai ka iya ƙarya ne? Wai sauri ne. Kai da ko ruwa za ka sha sai ka yi hamma tukuna." Mai faci ya fashe da dariya, sai kuma ya juya baya yana goge fuska da hannun riga.

Manaja ya ce Yaya Dogo ya dawo aiki yau, kuma rumfar ta ƙarshe tana hannunsa. Ya ce wa Baba, "Ka je ka ji da lafiyarka. In an duba ƙarshen wata, sai mu ga abin da Allah zai yi." Ya faɗa da ladabi, har ya riƙe hannun Baba da hannu biyu. Amma bai ce kujerarka tana nan ba. Na kasa kunne sosai, bai ce ba.

Baba bai tashi ba sai da aka gyara jif ɗin. Yaya Dogo ya riƙe injin, Baba na daga benci yana saurare. "Ka danna da yawa, ina jin kukansa. Sassauta." Da ƙarcen ya fita, Yaya Dogo ya shafa man, ni na ja yatsa, shi ya goge. Ya ce, "Baba, zo ka ji." Baba ya bi murfin da bayan hannu daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce, "Ba laifi." A bakin Baba wannan babban yabo ne. Ya ce, "Ka raba igiyar nan yau. Kuma kada ka bari ruwa ya taɓa ta sai gobe."

Ya ciro soson da yake ajiyewa a aljihu, ya laluba ya sa a hannun Yaya Dogo.

Da muka fito, tun daga bakin rumfa, gaban Manaja da masu wanki da Mai faci da kowa, ya ɗora hannunsa a kafaɗata. Hannun yana ƙamshin man. Ya ce, "Mu je, Auta. In da rami ki faɗa."

Na yi ta faɗa har gida. Rami, Baba. Dakali. Kwata. Ban taɓa yin magana da yawa haka a titi ba.

Litinin, da safe kafin makaranta

Ya tashi kamar kullum, ya yi wanka ya sa hula. Sai ya tsaya a tsakar gida. Umma ta kawo masa kujera.

Da na fito neman takalmina na makaranta, na same su a cinyarsa. Ya shafa musu mai, yana jira ya bushe. Ya ce, "Kada ki gaggauta ni." Ya goge su har ina ganin fuskata a ciki. Bai ce ya yafe mini ba, bai ce yana fushi ba. Ya ce kawai in bi gefen hanya kada in ɓata masa aiki.

Ban san ko zan koma makaranta zango mai zuwa ba. Jiya na ji Umma tana tambayar maƙwabciyarmu ko ana neman mai ɗinki a shagonsu. Ban san ko na yi daidai ba. Wani lokaci ina jin na yi, wani lokaci in na tuna rumfar ba shi a ciki sai in ji ni na fitar da shi.

Umma ta ce ranar komawa asibiti ni zan raka su. Baba, ban san me likita zai ce ba, kuma ina tsoro. Ina so in sake rubutawa ranar, ko mene ne aka faɗa, don in ban rubuta ba zai tsaya mini a wuya. Amma maganarka ce, ba tawa ba. Yau in na dawo zan tambaye ka da baki, in bakin ya yarda.

Ka ba ni izini, Baba?